Tukwane Uku a Bayan Ɗaki

Shekararmu goma sha ɗaya da aure kafin mu kwana a ƙarƙashin rufin da yake namu. Maigidana malamin dabbobi ne, ni kuma ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, saboda haka duk inda gwamnati ta jefa shi sai in nemi a jefa ni can. Mun yi haya a Belbeji, mun yi a Tarka, muka sake komawa Belbeji. Na gaji da ɗaure kwanuka a buhu, na gaji da masu gida, daga mai hana kafa ƙusa sai mai leƙowa ta ga yawan itacen da na ƙona. Da aka dawo da mu Tanut na ce masa ko kango ne ya saya mana, in dai ba wanda zai zo wata rana ya ce mu tashi ɗansa zai yi aure.

Kusan kangon kuwa ya samo. Tsohon gidan ƙasa ne a cikin gari, ba nisa da kasuwa. Zaure ɗaya, ɗaki uku, madafar da hayaƙi ya mayar da rufinta baƙi ƙirin, sai wata aduwa a tsakar gida da ba ta da aiki sai zubar da ƙaya. Bangon kauri gare shi, in ka shiga da tsakar rana sanyi ke tarar ka kamar ka leƙa randa. Indararo biyu sun karye, gara ta cinye ƙyauren ɗakin tsakiya. Gidan na wani ɗan kasuwar hatsi ne da ya rasu, magada suka sayar don a raba gado. Ranar da aka ba mu takarda na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka don murna, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Bayan kaka muka tare. Aka yi sadaka, malamai suka yi addu'a, maƙwabta suka yi ta aiko da tuwo har kwana uku. Na sa aka shafe ɗakunan da farar ƙasa, na yi ta turara su safe da yamma, amma ƙanshin mutanen da suka tashi ya ƙi fita. Ko'ina na juya sai in ga sawunsu. Ga ramin da turmi ya ci a tsakar gida, ga baƙin fitila a alkuki, ga gefen ƙofa ya yi santsi daidai inda hannu ke dafawa. Ƙofar ɗakina gajeriya ce, kullum sai na buga goshi, kullum kuma sai na zagi wanda ya gina ta, Allah ya jiƙansa.

Ina da cikin wata huɗu a lokacin. Kafin shi sau biyu na yi ɓari, na biyun har ya kai wata shida. Don haka wannan cikin na riƙe shi da tsoro. Ba na ɗaukar bokiti, ba na hawa babur, ko tari na yi sai na tsaya na saurari jikina. Wanda bai san wannan tsoron ba zai ce abin da na aikata daga baya hauka ne. Ni ma haka nake cewa yanzu.

Juma'ar farko da safe, ina shara, na ji sallama a zaure. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta lulluɓa da baƙin zane, riƙe da buta. Ta gaishe ni da ladabin da ya fi ƙarfina, ta ce ita ce matar marigayi mai gidan. Tana zaune wurin wata 'yar'uwarta a nan unguwar, kafin ɗanta ya gama yi mata ɗaki a ƙauyensu, can gaba da Gangara. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata fura. Ta kurɓa kaɗan, idonta na yawo a kan bangon da na shafe.

“Ɗiyata,” ta ce, “in kin yarda zan leƙa bayan ɗaki.”

“Haba Inna, ai gidanki ne,” na ce mata.

Ta zagaya bayan ɗakin da nake kwana, wanda da shi ne nata. Wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin da katanga, ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Ta jima kaɗan, ta fito, ta sa mini albarka, ta tafi. Na lura butar da ta shigo da ita cike ta fita da ita babu komai.

Juma'a ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A Tanut ba a zubar da ruwa a banza. Garuwa muke saya, ruwan wanke shinkafa ma akuya ake ba wa. To me tsohuwa ke shayarwa a lungun da ko ciyawa babu? Ranar ta ukun, tana fita na zagaya. A lungun na ga fasassun tukwane uku a kife, a jere daga gindin katanga zuwa wajen ɗaki, ƙasa ta cinye rabinsu. An share kewayensu tas, an yayyafa musu ruwa, ga sawun gwiwoyinta a kan yashi.

Ni a Damagaram na tashi, a gidajen ma'aikata, inda tsakar gida siminti ne. Abin da na sani game da tukunya a kife a bayan ɗaki shi ne abin da mata ke faɗa a gidan biki: asiri. Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce tsohuwar da ta yi shekara hamsin a gida ba a raba ta da shi rana ɗaya, in ƙyale ta, ƙila wani ɗan tsiro take reno. Na ce ya je ya gani da idonsa. Ya ce zai je, bai je ba. Kwana biyu bayan haka aka tura su rigakafin dabbobi a daji, arewa da Belbeji, na mako uku.

Juma'a ta huɗu tsohuwar ta zo ta tafi, da la'asar sai marata ta fara ciwo, na ga ɗan jini. A gidan likita suka ce ba wani abu ba ne, in kwanta in huta. Amma ni na riga na haɗa lissafina. Na kira yayata a Damagaram na zayyana mata komai. Ta yi salati, ta ce, “Ke wace irin sakarya ce? An raba mace da gidanta ba da son ranta ba, tana zuwa tana ba tukwane ruwa a bayan ɗakin da kike kwana, ke kuma kina dama mata fura? So kike sai wannan ma ya zube?”

Ban ɗora wa yayata laifi ba. Abin da nake son ji ta faɗa mini. Ga maƙwabta kewaye da ni, tsofaffin unguwa, da na tambayi ko ɗaya daga cikinsu da magana ta ƙare a nan. Sai dai ni tun ina yarinya ban iya tambaya ba. In na ga abu sai in yanke masa hukunci, in kuma hau kai in zauna. Ga girman kai na 'yar boko, ina ganin in na tambaya za a ce madam ɗin lakwal ta yarda da tsafi. Ban tambaya ba, amma tsafin na yarda da shi.

Da ta dawo Juma'a ta biyar, a zaure na tare ta. Ko amsa gaisuwarta ban yi ba.

“Inna, me kika binne a gidana?”

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, “Ba komai ba ne, ɗiyata. Nawa ne.”

“Naki ne me?”

Ta yi shiru tana murza bakin zanenta. Shirun nan shi ya tunzura ni. Na wanke ta tas. Na ce mata an sayar da gida an ba mu takarda, in tana da magana ta je ta yi da 'ya'yanta. Na ce na san irinsu, masu fuskar salihai da baƙin ciki a zuci. Na ce in wani abu ya sami cikina, ita ce, kuma sai mun tsaya gaban Allah. Mace sa'ar kakata, ina nuna ta da yatsa. Da na gama ta ɗago ta dubi cikina, ta ce, “Allah ya raba lafiya.” Ta juya da butarta cike. Ba ta sake taka gidan ba.

Da ma muna da niyyar gina wurin wanka da rami, har maigidana ya nuna wa magini kusurwar yamma kafin ya tafi. Washegari na kira maginin na ce na canza shawara, a bayan ɗakina za a yi. Da ya ga tukwanen sai ya ja baya.

“Madam, da dai an tambayi masu gidan tukuna.”

“Ni ce mai gidan,” na ce masa. “In ba za ka yi ba akwai wasu.”

Ya yi. Suka farfasa tukwanen, suka haƙa rami ya fi tsayin mutum. Ina tsaye a kansu da carbi a hannu, ina jiran a tono laya ko ƙaho ko gashi. Ba a tono komai ba, sai ƙasa da ta ɗan fi sauran duhu. Na ce kada a bar mini ko ƙwaya ɗaya a gida. Mai amalanken jaki ya yi sawu shida, ya kai ta kwazazzabon bayan gari ya juye. Aka rufe rami, aka malale wurin da siminti. A ranar na ci abinci da yawa, na ji gidan ya zama nawa. Da maigidana ya dawo ya ga aikin, ya tambayi dalili, na ce nan ya fi kusa da ɗaki ga mai ciki. Ya ce to.

Da bazara na haihu, mace, lafiyayya, mai ƙarar murya. Hajiyar da katangarmu ke haɗe da tata ita ta raka ni matarnite, gidan haihuwa, ita kuma ta riƙo mabiyiya a ƙullin zane muka dawo da ita gida, don a binne ta a inda yarinya za ta tashi. Ina kwance ta leƙo ta ce, “Bari in sa ta a bayan ɗaki. Zan dai matsa gefe, kada in taɓa 'ya'yan Inna.”

Ban gane maganar ba. Na ji tafiyarta ta zagaya, sai na ji shiru. Da ta dawo fuskarta ta sauya, ƙullin yana hannunta.

“Madam, ina tukwanen da ke nan?”

Na ce na sa an kwashe. Ta zauna a bakin gado, ta yi ta salati. Sannan ta gaya mini. Kafin tsohuwar ta sami ɗan da ya rayu, sau uku tana haihuwa, kuma ba wanda ya kai ranar suna. A wancan zamanin jaririn da bai kai suna ba, ba a kai shi maƙabarta. A cikin gida ake sa shi, a bayan ɗakin uwarsa, a kifa masa fasasshiyar tukunya don kada a taka. Mijinta da hannunsa ya sa su. Shekara hamsin tana share wurin, tana yayyafa ruwa ranar Juma'a don kada iska ta kwashe ƙasar. Duk tsofaffin unguwa sun sani.

“To me ya hana ta gaya mini?” na ce. “Na tambaye ta!”

“Haba madam. 'Ya'yan fari ne fa. Matan da, ko mai rai ba sa kama sunansa don kunya, balle ta tsaya a zaure ta ce miki ga 'ya'yana.”

Na tambaye ta ko tsohuwar ta faɗa musu abin da na yi mata. Hajiya ta ce wane abu? Tsohuwar dai ta ce musu ƙafa ce ta matsa mata shi ya sa ta daina zuwa, kuma har ta bar garin tana yabon amaryar gidan, wai mai fura da kyauta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da ta tona ni a unguwa, da na sami abin riƙewa.

Kwana arba'in na wankan jego a wurin nan na yi su, don babu wani wurin. Safe da yamma Hajiya na tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ni kuwa ina kallon simintin da ke ƙarƙashin ƙafata ina kuka. Ita tana tsammanin zafin ruwa ne. Na gaya wa maigidana gaskiya a rana ta uku. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai ce, “Da na je na duba ranar da kika ce.” Daga nan ya fita masallaci.

Ruwan farko ya sauka kafin in gama wanka. Ranar da na fita, kafin in je gaishe da kowa, kwazazzabon na nufa da goyo a bayana. Ban san abin da nake zaton zan gani ba. Ruwa ya riga ya bi ta wurin ya share, sai yashi mai laushi da ledoji da suka maƙale a ƙaya. Na tsaya har yarinyar ta fara kuka, na dawo.

Na ce wa maigidana sai ya kai ni wurinta. Ranar kasuwar Gangara muka shiga mota, daga can muka hau amalanke zuwa ƙauyen. Mutane duk suna gona ana shuka. Muka same ta a ƙofar sabon ɗakinta, tana ɓarar gyaɗar iri a faifai. Ta rame, idanunta sun yi fari, da hannu take laluben gyaɗar. Maigidana ya gaishe ta ya koma wurin ɗanta. Na durƙusa na faɗi ko ni wace ce.

“A'a! Amaryar gidana? An sauka? Miƙo mini, miƙo mini.”

Na kwance goyon na sa mata a cinya. Ta shafa kan, ta shafa kunnuwan, ta ƙirga yatsun da nata yatsun, tana dariya ba haƙori. Ta tambayi kwananta nawa. Na ce arba'in da biyar. Ta ce, “Ta wuce, ta wuce. Wannan ta zo zama.”

A hanya na tsara maganata daki-daki, yadda nake tsara darasi. Zan fara da zagin, in bi da tukwanen, in ƙare da ramin. Na fara. Na ce Inna ki yafe mini maganganun da na faɗa miki a zaure, ban sani ba, sai daga baya aka gaya mini. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Ni ban riƙe ki ba ko na kwana ɗaya. Tsoro ne, ai na san shi. Wa ya fi ni sanin shi? Ni ce ma da laifi da ban buɗe baki ba, to bakin ne ya ƙi.”

Ta ɗan jijjiga yarinyar. Sai ta karkato wajena ta rage murya, kamar mai tambayar abin kunya.

“To tunda kin sani. Suna nan dai?”

Na buɗe baki. Na dubi fararen idanunta, na dubi hannunta a kan ƙirjin ɗiyata.

“Suna nan, Inna.”

“Ruwan nan bai buɗe su ba? Na jikin katanga nake ji, indararo na zuba kusa da shi.”

“Bai buɗe ba.”

Ta sauke ajiyar zuciya. Sai ga bakin da ya ƙi buɗewa shekara hamsin ya buɗe. Ta ce na jikin katanga shi ne babba, namiji, kwanansa uku. Ta tsakiya mace ce, ta yi kwana shida, har an sayo rago an ɗaure. Na ƙarshen ko kuka bai yi ba. Ta ce ba su da suna, ba wanda ya san fuskarsu sai ita, mijin da ya sa su ya tafi, ɗanta kuwa bai taɓa tambaya ba. Da za a sayar da gidan ba ɗakin ta yi wa kuka ba, tunaninta wa zai riƙa share su.

“Ba sai kin yi kullum ba, kina da aiki. In kin tuna dai, ɗan ruwa kaɗan. Kada yara su hau.”

Na ce to. Sau uku tana faɗa, sau uku ina cewa to. Hawaye na zuba mini, ita ba ta gani. Ta sa aka ɗaure mana gyaɗa a ƙullin zane, ta ce in ci don nono.

Ba ta ga kakar shekarar ba. Ɗanta ya aiko mana da labari bayan an yi kwana bakwai, ya ce ta tafi cikin sauƙi, hankalinta kwance. Shekara goma sha huɗu ke nan muna gidan. Mun sake rufi, mun ɗaga ƙofa, na sa an toshe ramin an mayar da wurin wanka kusurwar yamma, ko da yake hakan bai dawo da komai ba. Na tambayi malamai biyu hukuncin ƙaryar da na yi, ɗaya ya ce babu laifi, ɗaya ya ce in yi istigfari. Ba amsarsu ce ta dame ni ba.

Abin da ke damuna shi ne rabuwarmu. Da muka tashi tafiya ta lalubo kaina ta dafa da hannu biyu, ta daɗe tana addu'a. Ta ce tun da ta bar Tanut ba ta yi barci mai daɗi ba, amma yau za ta yi. Sannan ta ɗaga murya don ɗanta da maigidana su ji, ta ce, “Ku shaida, na bar 'ya'yana a hannun uwa tagari.”

Su biyun suka ce amin. Ni ma na ce amin.